Yaya Hudu Da-Izini

Duk wanda ya zauna da Yaya Hudu ya san ba ya buɗe saƙon waya sai ya miƙa ta nesa da fuskarsa, ya ɗage tabarau zuwa goshi, ya ce, "To, wane ne kuma wannan da ya shigo ba sallama?" A wajensa waya ɗaki ce. In ka turo masa abin da bai nema ba, katanga ka haura. Shi ya sa 'yan kasuwar Maigatari suka laƙaba masa Da-Izini. Ku kuna dariya, amma ni ƙanensa, da muke shago ɗaya muna sayar da dusa da maganin dabbobi, ni na sha wuyar wannan hali. Wallahi na sha!

Kun tuna lokacin da Nura, ɗan yayarmu, ya buɗe guruf na dangi a waya ya jefa kowa ciki? Yaya Hudu ya fice daga guruf ɗin, ya rufe shago ana tsakiyar ciniki, ya hau mota har Gumel. Ya iske Nura a ƙofar gida.

"Kai ne ka ɗauke ni kamar buhun gero ka jefa a mota?"

"Kawu, ai zumunci ne."

"Zumunci ba ya tambaya? Tambaye ni yanzu."

Nura ya sosa ƙeya. "Kawu, in sa ka?"

"Sa ni mana! Ina zan je in bar dangina?"

Ya juya ya hau motar Maigatari. Ko ruwa bai sha ba.

Sai kuma rigimarsa da wani kamfanin abincin kaji, wanda Allah kaɗai ya san inda ya samo lambarsa. Kullum safiya talla. Yaya Hudu ya rubuta, "Wa ya ba ka izini?" Nan take aka amsa, "Mun gode da saƙonka." Ya rubuta, "Ɗan gidan wa ne kai?" Aka ce, "Mun gode da saƙonka." Ya yi masa nasiha mai tsawo a kan ladabi, har da karin magana. Aka sake gode masa.

Na ce, "Yaya, ba mutum ba ne fa, na'ura ce ke amsawa."

Ya ce, "To wa ya rene ta?"

Da ƙyar na nuna masa can ƙasan saƙon, inda aka ce wanda ba ya so ya rubuta DAINA. Ya rubuta. Shiru kake ji, ba su ƙara ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ashe tana jin magana. Ta fi ka, Sabo."

Babbar wahalar ta zo ne da na ce mu ma mu shiga zamani. Maƙwabtanmu a layi suna aika wa makiyaya farashi a waya, suna janye mana mutane ina kallo. Na sa aka haɗa mana namu: kowace Laraba saƙo ya tafi da kansa ga duk abokan cinikinmu kafin kasuwar Alhamis. Lambobi kuwa ga su nan cike da wayata.

Ya ce, "Ba za a aika ba."

"Haba Yaya! Su fa suka ba mu lambobin."

"Sun ba ka don ka kira su in kayansu ya iso. Ba su ce ka zame musu zakaran asuba ba."

Na ce to, bari in tura saƙo ɗaya tak in tambaye su ko sun yarda.

"Au, sai ka shige har uwar ɗaka sannan ka ce, in shigo?"

Jama'a, a kan babur muka yi ta! Ni a gaba, shi a baya da lema. Ƙauyukan Gagarawa, rugagen Sule Tankarkar, yashi har idon sawu, muna turawa muna hawa. Ba ma tafiyar ce ta fi ƙona min rai ba, yadda yake tambayar ne. Wani dattijon Ardo ya ce ya yarda. Maimakon mu yi godiya mu wuce, sai Yaya Hudu ya gyara zama.

"Ka tabbata? Kowace Laraba fa."

"Na yarda, Alhaji."

"Yi tunani dai. Wayarka za ta yi ƙara kana tsakiyar shanu."

Ardo ya juyo gare ni. "Sabo, sayarwa kuka zo yi ko hanawa?"

A wani ƙauyen kuma wani ya ce shi sam ba ya so. Yaya Hudu ya miƙe ya kama hannunsa biyu-biyu. "Ka ji namiji!" Har goro ya ba shi. Na rantse ranar saura ƙiris in tayar da babur in bar shi nan ya kwana wajen namijin nasa.

Hatta matarsa, Yaya Binta, da take sayen dusar awakinta a wajenmu, sai da ya tsaya a tsakar gida ya tambaye ta. Ta ce, "Ina jin ka safe da yamma, sannan in ji ka a waya? A'a." Ya juyo ba ko gezau ya ce, "Ka ji. Kada ka sa ta."

Kada wani ya ce min ai haƙuri ya biya. Kafin mu gama yawon nan wasu sun koma shagon maƙwabta, kuma har gobe ba su dawo ba. Abin da zan iya faɗa kawai, waɗanda suka ce e suna buɗe saƙon, wasu ma har amsa sallamar suke yi da murya, suna tambayar iyali.

Da ciwo ya kwantar da shi a Gumel, na ce bari in aika wa mutanen nan su sa shi a addu'a. Ya girgiza kai a kan matashi. "Farashin dusa suka yarda da shi. Ba su yarda da ciwona ba." Na ce, "Kai dai Yaya, har a nan?" Ya yi murmushi. Can ya kamo hannuna.

"Sabo, zan roƙe ka wani abu, in ka yarda."

"Yau kuma ni ake tambaya?"

"Na wahalar da kai. Ka yafe min."

Na so in ba shi amsar da za ta sa shi dariya. Amma kai kawai na ɗaga.

Allah ya jiƙan Yaya Hudu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai taɓa kutsa wa kowa ba a duniya, Allah ya sa a tarbe shi da maraba a ƙofar Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.