Sai Hutu Mai Zuwa

Duk wanda ya yi firamare a unguwar Sabo ta Ibadan ya san Malam Maharazu, malamin Turanci, dogon nan mai alli har a gira. Nan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. In ya tsaya gaban allo yana jero Ghana, Togo, Mali, sai ka rantse ya taɓa kwana a cikinsu, alhali bawan Allah ko Ilori bai taɓa wucewa ba.

Mahaifinsa, Baba Sammani, mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Motar albasa ya biyo yana saurayi da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma, sai aure da 'ya'ya da rumfa a kasuwar Bodija suka riƙe shi. Can gida ya bar ƙanwa guda, Haulatu. Da tsufa ya zo, ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, burinsa ya zama ɗaya tal: ɗansa ya kai shi ya ga Haulatu.

Wata rana Maharazu yana yi wa yaran unguwa lesin a ƙofar gida, tsoho na kishingiɗe yana saurare. Da aka tashi ya ce, "Na ji kana kiran ƙasashe. Me kake gaya musu?"

"Baba, tambayata suka yi wai ko sunan ƙasa proper noun ne. Na ce eh mana. A Turanci kamar sunan mutum yake, nata ne ita kaɗai, shi ya sa ake fara shi da babban harafi."

Tsoho ya gyaɗa kai. "Ashe Turawa ma sun san girman ƙasa. To ni yaushe za ka kai ni tawa?"

"Ka yi suuru, Baba, ka yi haƙuri a gama exam. Hutu mai zuwa, in Allah ya yarda."

Ba mugun ɗa ba ne, kada a zalunce shi. Shi ke yi wa uban aski, shi ke kai shi masallacin Juma'a a keke. Amma hutu ya zo sai ga lesin, wani ya zo matarsa ta haihu, wani kuma aka rufe iyaka. Da aka buɗe, ga jarrabawa. Gobe dai ba ta ƙarewa a bakin Malam, har tsoho ya daina tambaya, shi kuwa ya ɗauka haƙuri ne. Wata damina, ana tsakiyar zangon karatu, Baba Sammani ya cika.

Dangin Tasawa suka ce ba za a gaya wa tsohuwa Haulatu ta waya ba, tana fama da hawan jini, sai ɗan mamacin ya zo da kansa. A makon nan Maharazu ya hau mota a tashar Ojoo. Da ya nemi izinin tafiya, hedimasta ko musu bai yi ba. Abin da ya fi ci masa rai a hanya, tafiyar da ya shekara da shekaru yana ɗagawa ashe ba wata tafiya ba ce.

Haulatu ta ji an ce ga baƙi daga Ibadan, ta fito tana dogara sanda. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ni ne Maharazu." Ta shafa kansa, tana dariya tana hawaye, idonta na kan ƙofa.

"Ina Yaya? Yana waje ne? Maza ku riƙo shi, an ce ƙafarsa ba ta da ƙarfi."