Tulun da Na Hana a Buɗe

Ranar Alhamis ce da hantsi, inuwar mutum tana taki shida. Da na mallaki agogo daga baya na gwada, ƙarfe tara ke nan saura kaɗan. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Saji: ni, da Inna mahaifiyata, da ƙanwata, da wanzamin da ya gama aske jariri yana goge askarsa. An raɗa wa ɗana na fari suna tun da sassafe, an yanka rago, baƙi suna zaure suna jiran abin sha. A wannan lokacin ne na ce kada a buɗe tulun.

Har yau akwai masu cewa Inna ta dafa giya. Saboda su nake wannan rubutu, kuma zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Abin da ke cikin tulun kunun tsiro ne na alkama. Mahaifina yana noma alkama kaɗan a fadama da rani, yana ba ta ruwa da jigo, da ya rasu na ci gaba. Inna takan ɗebi rabonta ta jiƙa kwana ɗaya, ta baza a tabarma ta rufe da ganye har ta tsira, ta shanya, ta niƙa a dutse. Sai ta dama da ruwan zafi, ta zuba citta da kanumfari da masoro da busasshen ɓawon lemon tsami. Daga ƙarshe ta juya wa mutane baya, ta kwance wani ƙulli a haɓar zanenta ta barbaɗa. Ba wanda ya san mene ne. Tana tacewa da la'asar, a sha kafin azahar ta washegari. Wannan ita ce ƙa'idar.

Launinsa fari ne mai hazo-hazo, ba ya washewa ko an tace shi sau uku. Ƙamshin kanumfari ke fara isa hanci, ɓawon lemo ya biyo baya. A baki zaƙi ne marar nauyi, irin wanda ake ji in an tauna ɗanyar alkama, sannan ɗan tsami, sannan citta ta tsaya a maƙogwaro. Bayan an haɗiye sai wani ɗaci mai sanyi ya taso, wanda ke sa mutum ya sake miƙa ƙwarya. Wannan ɗacin daga ƙullin yake. Malamai suna sha, liman yana sha, ba wanda ya taɓa ganin aibinsa.

A gidanmu ludayin farko na babba ne. Babban kuwa shi ne Baffa, wan mahaifina, mai fatauci da jakuna tsakanin Kibiya da Kano. Ya aiko cewa zai kwana a hanya ya iso da asuba, amma har aka yi suna bai zo ba. Daga baya muka ji cewa yaran Baturen rangadi ne suka tare shi wajen Nariya, suka sauke kayansa suka ɗora wa jakunansa nasu. A shekarun nan na farkon zuwan Nasara haka ake yi, kuma ba a musu.

Ni ne ɗan farin Inna. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Da ta ji abin da na ce, sai ta dubi ƙanwata, ina tsaye taki biyu daga gare ta.

"A gaya wa mai gidan nan, tsiro ba ya jiran baƙo."

Na ce a gaya mata ba za a sha gaban Baffa ba. Ƙanwata ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce ita fa ba ƴar aike ba ce tsakanin mutanen da ke jin numfashin juna. Wanzami ya yi dariya. Ni ban yi ba. Inna ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, domin uwa ba ta ja-in-ja da ɗan fari a gaban mutane. Da ƙanena ne ya faɗi haka, da ta ture shi ta buɗe tulunta.

Na san ƙa'idar azahar, amma na ɗauka maganar mata ce. A lissafina, zuma in an toshe ta ba ta lalacewa. Saboda haka na ɗora faifai a bakin tulun, na liƙe da laka, na kai shi ɗakina. Aka dama wa baƙi fura. Suka sha suna tambayar ina kunun Inna, wasu ma don shi suka taso daga Dawaki. Bazara ce, zafin da ke hana kaza fitowa daga ƙarƙashin rumbu.

Baffa ya iso ranar Juma'a bayan la'asar, ƙafafunsa a kumbure. Liman ya zo gaishe shi da malamai biyu. Akwai kuma wani dattijo Bamaguje, maƙwabcin gonarmu, wanda ya kawo zakara don barka. Na ɗauko tulun da kaina na ajiye a tsakiyar zaure, ina jin na yi daidai.

Da na fasa lakar, faifan ya ɗaga da kansa. Tulun ya yi huci, kumfa ta hau ta zubo har tabarma. Ƙamshin kanumfarin yana nan, amma wani wari ya hau kansa, irin na ɗinyar da ta nuna ta wuce. Duk da haka na cika ludayi na miƙa wa Baffa, domin haka tsarin yake. Ya kurɓa, ya furzar ta ƙofa, ya nemi ruwa ya kuskure baki sau uku. Na ɗiga a harshena. Zaƙin ya tafi, tsamin ya yi kaifi, abin yana tsikarin harshe kamar ƙananan ƙayoyi, citta kuwa ta koma wuta. Ɗacin nan mai sanyi kaɗai ne bai sauya ba.

Dattijon Bamaguje ya ce a ba shi ya ji. Ya shanye ludayin, ya share gashin baki.

"Malam, wannan ai ta fi tamu. Shekara nawa kuna ɓoye mana gwana a gidan nan?"

Da wasa ya faɗa, ba da mugunta ba. Ba wanda ya yi dariya. Liman ya tambayi wanda ya dama, ƙanwata ta amsa daga cikin gida cewa Inna ce, kuma gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya tambayi wanda ya liƙe bakin tulu. Manya suna magana, na zauna ina jiran a zo kaina in yi bayani. Ba a zo ba. Aka tashi sallar magariba.

Washegari na je wurin liman na faɗa masa komai, daga jiƙo har zuwa laka. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa mini albarka, ya ce haka ɗa nagari yake yi, ya rufa wa uwarsa asiri. Na rantse. Ya ce kada in ƙara da rantsuwa, ya gane. Haka na yi ta samu duk inda na je. Yawan bayanina ya zama yawan yabona, ita kuma laifin ya ƙara zama a kanta.

Inna ce ke wa matan unguwarmu wankan gawa, aikin da ba a ba wa kowa sai wadda aka yarda da tsarkinta. Da damina wata tsohuwa ta rasu bayan gidanmu. Inna ta tsinko ganyen magarya, ta ɗaura zane, ta zauna bakin ƙofa tana jira. Aka aika Dawaki aka kira wata. Da rana ta take, ta zuba wa awaki ganyen. Ba a sake kiranta ba har ta bar duniya.

Ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba, ko ta bakin wani. Ta kife tulun a bayan ɗaki, ba ta ƙara jiƙa alkama ba. Sau ɗaya na sa ƙanwata ta tambaye ta abin da ke cikin ƙullin. Ta ce a ce mini an manta. Bayan rasuwarta na sa iyalina sun gwada, da kimba, da kajiji, da sassaƙen maɗaci. Komai yana fitowa, ban da ɗacin nan. Na haƙura da shi.

Abin da ban haƙura da shi ba shi ne wanda na ji bara a kasuwar Rano. Wata mai sayar da nono, wadda ba a ma haifa ba lokacin, tana tsokanar ƴar'uwarta cewa nononta ya yi kumfa kamar kunun tsohuwar Saji. Na tsaya na fara yi mata bayani tun daga farko. Kafin in kai ga maganar tsiro ta juya ga mai ciniki.

Kai da ka karanta wannan, roƙona ɗaya ne. In ka ji an yi wannan magana a gabanka, kada ka jira a zo kanka. Ka katse mai maganar, ko ya girme ka, ka ce masa tsohuwar ta ce a buɗe da hantsin Alhamis, ɗanta ne ya hana.