Digo Uku a Bokiti

Mijina mutumin Filato ne, kuma har ya bar duniya bai yarda cewa zafin Kaduna ya fi ƙarfin dankalin Turawa ba. Damina da sanyi yana shuka shi a ɗan filinmu na Kakau, da irin da ya ɗauko daga gonar mahaifinsa tun muna sabon aure. In an haƙa, sai ya ware na iri ya baza a ƙarƙashin gado. Na sha yi masa tsiya cewa dankali ya fi ni gata a ɗakin nan.

Ya rasu bayan haƙar damina. Yara suka zo, suka koma, aka bar ni a unguwarmu ta Nasarawa daga ni sai dankalin. Lokacin shuka ya matso, idon irin ya ƙi buɗewa. Kullum sai na durƙusa na leƙa. Tsoro ya kama ni, kada irin gidansu ya ƙare a hannuna.

Ɗiyata ta karanci noma, tana aiki a Abuja. Ta aiko mini da wata 'yar kwalba ta hannun direba, sannan ta kira.

"Mama, sinadarin seleniyam ne. Kaɗan ɗinsa yana sa iri ya tsiro da ƙarfi, ya jure zafi. In ya yi yawa kuma guba ne. Digo uku a bokiti, ki jiƙa ki tsame. Uku fa, Mama, abeg."

"Na ji," na ce.

Ni kuwa shekara arba'in ina miya ban taɓa auna gishiri ba. Na ɗiga uku, ruwan ko launi bai canza ba. Na ce wannan ai rowa ce, dankalin mijina zan yi wa ƙwauro? Na cika murfi biyu na tuttula, na zuba irin, na tafi coci. Wasu ƙanana guda bakwai ne kawai na bari a gefe, don na raina su.

Cikin mako guda idanun suka yi baƙi, irin ya ruɓe. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don ranar akwai mutane.

Da na gaya wa ɗiyata, sai ta ce, "Ba komai, Mama, akwai iri a kasuwa." Amma na kasuwa ba na kakanta ba ne.

Ƙananan nan bakwai suka tsiro don kansu, a makare, sirara. Na kai su Kakau na shuka, ina ba su ruwa ni kaɗai. Da na haƙa, rabin kwano na samu. Na ɗora mai a wuta, na ɗauki wuƙa, sai na tsaya na ƙirga su. Duka iri ne, babu na ci. Na sauke man, na sha garin rogo.