Amyoyin Kakana

Jiya ƙudan zuma ya faɗa mini cikin shayi. Da na tsamo shi da cokali, sai na ga ɗan garin fure rawaya manne a ƙafafunsa na baya, na kasa ƙarasa karin kumallo.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Anka, kakana na wajen uba ne mai amyoyin zuma. Ya rataye su a kan ɗorawa da kaɗanya, yana ji da su fiye da gonarsa. Ni yake kira amarya, yana tsokanata wai na cika rowa, ni kuma in ce ba na auren mai furfura. Amma ɗan gatansa ƙanena ne. Kullum da safe sai ya dangwala zuma da yatsa ya sa masa a baki, ya ce maganin kowane ciwo ke nan.

Shekarar da gubar dalma ta shigo, a tsakar gidaje ake daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalmar, injin da ke niƙa mana dawa shi ke niƙa shi. Ƙanena yana rarrafe sa'ad da jijjiga ta kama shi. Bai ga damina ba. Inna ta yi kukanta a fili, Kaka kuwa ya haɗiye nasa. Ashe da rani ya taɓa ganin ƙudan suna birgima a ƙurar bakin injin, kamar yadda sukan yi in fure ya yi wuya. Ya sa wa ransa cewa ƙurar ta shiga zumar, da yatsansa ya ba jikansa gubar. Tun daga nan bai sake ɗanɗana zuma ba, bai kuma ba kowa ba.

Bayan 'yan shekaru wata malama ta zo daga jami'a, tana neman masu amya su taya ta gano furannin da ƙudan ke ci a kowane lokaci na shekara. Kaka ne ya fara miƙewa. Aka ba shi 'yar raga ta ɗaurawa a bakin amya, mai kakkaɓo garin fure daga ƙafar ƙuda, da ƙananan kwalabe. Tsohon da gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa ya koma hawa itace. Ni ke riƙe tsani. Muka tara na rani da bazara, muka tara na damina, har gawo ya yi fure da kaka.

Da malamar ta dawo, ta zauna a tabarma cikin fara'a tana faɗa masa: ɗorawa da mangwaro, sai masara, sai gawo. Ya saurara har ta gama.

"To ɗiyata, ƙurar dutsin fa? Akwai ta ciki?"

Ta ce, "Baba, mu fure kawai muka duba. Na'urarmu ba ta ganin guba."

"Ashe," in ji shi. Ya yi mata godiya, ya raka ta har bakin mota.

Sai a ranar na gane abin da ya hau da shi itace shekara guda, kuma har yau abin yana ci mini rai. Bai ƙara damina biyu ba ya rasu.

Yanzu dajin ya fi ƙarfinmu, ba mai shiga saboda 'yan bindiga, amyoyin sun ruɓe a inda suke. Na yi karatun aikin lafiya, na san ƙasar tsakar gidan da yaron ya yi rarrafe a kai ta isa ta kashe shi ko da bai taɓa lasar zuma ba. Maganar ba ta da tsawo, da numfashi ɗaya zan faɗe ta. Wanda yake bukatar jin ta ne ba ya nan.