Layin da Ba Ya Cikin Zane

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba a tashar mota na tsince shi ba, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekara shida ke nan ko bakwai, lokacin ina gyaran injunan da kwamfuta ke sarrafawa, ina zaune a Gusau amma kullum ina bisa hanya, yau Shinkafi gobe Zurmi, domin a duk yankin mu biyu ne ke taɓa irin waɗannan injuna, ɗayan kuma ya tattara ya koma Kaduna. Wannan ya sa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. In na shiga shago aka ce ga Injiniya ya iso, har tafiyata canjawa take yi.

Da kaka ne wani Alhaji mai babban shagon walda a Kaura Namoda ya kira ni. Ya sayo tsohon injin yankan ƙarfe ɗan Kwatano, irin mai faffaɗan tebur ɗin nan, ka shimfiɗa fallen ƙarfe ka ba kwamfuta zane, bakin wuta ya bi ya fitar maka da furanni da taurari na ƙofar gida. Wata huɗu yana aiki lafiya lau, sai ya tsiro da wani hali: an gama aiki an bar shi a kunne an tafi azahar, a dawo a tarar ya koma gefen falle ya ja layi guda miƙaƙƙe ya tsaya. Layin nan ba ya cikin zanen kowa, kuma ya riga ya ɓata falle shida.

Mai aiki da injin sunansa Lawali, magidanci ne dogo siriri mai 'ya'ya huɗu, ba ya da yawan magana. Ya baro ƙauyensu can bayan Sakajiki saboda rashin zaman lafiya, aikin nan shi ya riƙe shi a cikin gari, ɗakin da yake ciki da iyalinsa ma na Alhaji ne. Ban ko ajiye jaka ba Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, ni hwa ban yarda inji na yin abu shi kaɗai ba. Lawali da hannu shi ka yanka ƙohwa da can, tun da anka kawo injin ga ban ga dariyatai ba. Ka duba man da kyau. In inji na, ka gyara. In mutum na, ka hwaɗa man, shi bar man shago shi bar man gida."

Na fara da abin da na sani. Moton da ke jan kan injin ta tsawon tebur, wanda muke kira sarbo, na same shi yana wani ɗan kuka yana karkarwa ko a tsaye, alamar an matse saitinsa fiye da ƙima. Na ce wa ya taɓa nan? Lawali ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, sau ɗaya, a waya ya ga ana yi ya gwada ko layin zai daina. To ka ji fa, na ce a raina. Na sassauta saitin har karkarwar ta ɗauke, na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har moto ya riƙe gam ba kuka, na cire bakin wuta na ɗaura maka, alƙalamin nan mai tawada, a gurbinsa don kar mu ƙara asarar ƙarfe, na ba shi da'ira ya zana, na ba shi murabba'i ya zana, tsaf, ko gashi bai kauce ba. Muka tafi masallaci ina hura hanci. Muka dawo, ga layi baƙi wuluk a gefen falle. Na lura kuma Lawali ne ƙarshen fita, don shi a bayan shago yake alwala.

Washegari na bi ta kan wayoyi. Bod ɗin da ke haɗa kwamfuta da inji na cire na sa sabo daga jakata, na canja wayar ɗan abin da ke ƙirga juyin moto, na sa aka haƙa rami aka kafa rodi da gishiri da gawayi aka ɗaure jikin injin da ƙasa, saboda wutar yanka da ta janareta suna iya kutsawa cikin ƙananan wayoyi su rikita inji. Kwamfutar ma na wanke ta tas na sake zuba mata komai. Aka yi azahar, ga layi. Sai na ɗauko tef na auna shi, na je na auna na jiya, na bi lalatattun fallayen nan shida ɗaya bayan ɗaya, duka tsawonsu ɗaya, mita ɗaya da santimita tamanin da huɗu. A nan ne zuciyata ta gama karkata, domin rikicin waya ba ya da awo, yau ya ja taku ɗaya gobe ya ja uku. Abin da ke maimaita kansa haka, wani ne ya rubuta shi. Na kwashe yinin nan ina neman ɓoyayyen fayil ko wani maɓalli da aka maƙala a ƙasan tebur, ina satar kallon Lawali shi ma yana satar kallona, ban samu komai ba.

Rana ta uku Alhaji ya tare ni gaban ma'aikata da masu jiran ƙofofinsu ya ce, "Injiniya, kwana ukku ke nan, mi a labari?" Jama'a, kalma uku ce ta kamata ta fito daga bakina: ban sani ba. Amma ina, an saba jin na gyara abin da ya gagari kowa, ga idanu a kaina, sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, inji lafiyarsa ƙalau. Wannan hannun mutum ne." Ban kira suna ba, amma kowa ya juya wuri ɗaya. Lawali ya dube ni ya ce, "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Saiti na taɓa, na kuma hwaɗa maka da bakina. Layin ga ban san shi ba." Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi mabuɗin shago, ya ce ya ba shi da iyalinsa zuwa Juma'a su kwashe daga ɗakin. Da yammar nan Lawali ya hau babur ya nufi ƙauye shi kaɗai, wai ya gyara rufin ɗaki ya tattara ɗan geron da ɗan'uwansa ya noma masa kafin ya kai iyali.

Kashegari na zo ɗaure akwatin wayoyi in kama hanya. Kowa ya tafi sallah, ni na ce in ƙarasa in bi jam'i na biyu, rana tsaka, ƙofar shago a buɗe ana jin masu babur na wucewa. Kwamfutar na riga na zare ta gaba ɗaya, tana kan benci da wayarta a naɗe, wutar motoci ce kawai a kunne. Sai na ji ɗan motsi a bayana. Na waiwaya, wallahi da idona, kan injin ya ɗaga a hankali, ya tafi gefen falle, ya sauke makar, ya ja layin nan ba gaggawa kamar mai shatar fili, ya tsaya. Ni dai na san moto kan sulale da kansa in saiti ya kauce, amma mai sulalewa ba ya tsayawa sai ya bugi ƙarshen tebur, ba ya kuma ɗaga kai ya sauke. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga kasuwa ce. Lawali yana can bayan Sakajiki, ni kaɗai ne a shagon.

Ga inda har yau nake jin kunyar kaina. Lambar Lawali tana wayata, Alhaji kuma bayan minti goma ya dawo daga masallaci ya tarar da ni ina gumi. Ban faɗa ba. Na ce bari in gano dalilin tukuna, gobe in zo da bayani mai kyau wanda ba zai zubar mini da mutunci ba. Na ɗauko tsumma na goge layin rabi, sai na kasa ƙarasawa na ja wani falle na rufe.

Goben da hantsi aka shigo da gawar Lawali Kaura. Ya ɗoro buhun gero zai kawo wa yara, mutanen daji suka tare hanya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shagon lokacin da wani dattijo mai haƙar kabari ya zo karɓar diga da shebur na maƙabarta, ashe Lawali ne ke yi musu walda kyauta in ƙota ta karye. Dattijon yana riƙe da karan dawa, wanda kuka sani, da shi ake auna mamaci a kai wa masu haƙa. Zai ɗauki kayan sai ya ajiye karan a kan ɗaya daga lalatattun fallayen nan da ke shimfiɗe a ƙasa, kusa da yankan. Ban san abin da ya ja ni ba, na durƙusa na tura karan da yatsa har gindinsa ya zo daidai farkon layin. Kansa ya tsaya daidai ƙarshe, babu ragi babu ƙari. Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, mi kaka yi da karan mamaci?" Na ɗauki karan na miƙa masa.

Bayan an dawo daga jana'iza na faɗa wa Alhaji komai, har da abin da na gani jiya na yi shiru. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya aika a ce wa matar Lawali ta zauna a ɗakin ita da yaranta. Da la'asar na shiga ɗaukar jakata, janareta a kashe tun safe saboda rasuwar, sai na ga sabon layi a kan fallen da na yi rufi da shi, tawadar ma ba ta gama bushewa ba, kuma ko da ido ka san bai kai na Lawali tsawo ba. Tef yana aljihuna. Ban ciro shi ba, na bar makar ɗaure a jikin injin na fita, ban sake taka shagon nan ba, ban kuma san inda injin ya ƙare ba. Har yau in zan yi ɗinki tsohuwar riga nake aika wa tela, ba na tsayawa a auna ni.

Kada ku tambaye ni ko injin sani ya yi ko jawowa ya yi, na tambayi malamai na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin, kowa da abin da yake faɗi. Abin da zan ce muku, musamman ku masu gyara, ko na mota ko na waya ko na mutane, in abu ya fi ƙarfinku ku buɗe baki ku ce ba ku sani ba, kada ku nemo wanda ba ya da gata ku rataya masa. Ni na yi, kuma ba ni da inda zan same shi in ba shi haƙuri. Ku da kuka karanta ku zama shaida, Lawali bai ja layin nan ba.