Salansar da Kawu Ya Ɗaura

A layin kanikawa kowa da abin da yake taɓawa, kuma mai walda bai taɓa sa hannu a kabureta ba. Salansa ce aikinsa. Tun yana saurayi yake tsugune a rumfar kwanon nan, baƙin gilashi a goshi, yana yanka bututu yana liƙewa, har gashin hannunsa ya ƙone ya daina fitowa. Rigunansa duk sun huhhuje saboda tartsatsi. Matarsa ta gaji da faci, ta ce in ana neman rariya a gidan ba sai an je kasuwa ba.

Rumfar da ke manne da tasa ta ƙanensa ce, wanda ake kira Kunne, don da kunne yake saita kabureta. Sai ya karkata kai, ya riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har injin ya daidaita numfashi. Aikinsu a haɗe yake. In aka cire wa babur salansar kamfani aka sa mai buɗaɗɗen baki, iska takan yi wa injin yawa, mai ya yi masa kaɗan. Babur zai tashi lafiya lau, har murya ta ƙara daɗi, amma a ciki wuta yake ci. Shi ya sa duk wanda mai walda ya ɗaura wa irin wannan salansa, ba ya barinsa ya hau. Sai ya tura babur ɗin zuwa wurin Kunne an saita kabureta ta riƙa ba injin isasshen mai. Kowa a layin ya san haka, har a gida an sani.

Sai suka ɓata. Wata rana tartsatsi ya faɗi kusa da kwanon fetur da Kunne ke wanke ƙarafa a ciki. Kunne ya daka tsalle, ya ce a gaban mutane, "Yaya, idon nan naka ya tafi, ka yarda kawai! Wata rana sai ka babbake mu." Aka yi dariya. Abin da ya fi yi wa mai walda ciwo shi ne maganar gaskiya ce. Ya daɗe yana laluben bakin ƙarfe da yatsa kafin ya sa wuta, yana zaton ba wanda ya lura. Washegari ya samo tsohon kwanon rufi ya kafa tsakanin rumfunan. Gaisuwa ta tsaya.

Ana cikin wannan gaba ɗan babbar yayarsu ya zo. Ya gama jami'a ya sha zaman jira, har kawunnan suka laƙaba masa Digiri, sai kwanan nan ya samu aikin kai magunguna daga sito zuwa shaguna, a kan babur ɗin marigayi babansa.

"Kawu, motoci ba sa jina," in ji shi, yana kwance wata salansa mai ƙyalli daga bayan babur. "Jiya wata ta kusa shafe ni. Sa min wannan mai ƙara."

"Digiri! Kai da ko tari sai ka nemi izini, yau kai ke son hayaniya?"

"Ni dai in koma gida da ƙafafuna, Kawu."

"Mamanka ta sani?"

"Ita ta aiko ni."

Mai walda ya yi aikin da kyau. Da aka tayar da babur, ƙararsa ta cika layin, Digiri ya washe baki. Saura a tura shi rumfar gaba. Mai walda ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ya kafa, ya ji Kunne yana dariya da wani a bayansa. In ya tura yaron, Kunne zai tsuguna ya duba liƙin waldar, ko ya faɗi wani abu ko ya yi shiru, kuma shi ba zai iya ɗaukar ko ɗaya a cikin biyun ba. Ya ce a ransa ai yawon cikin gari ne, ba zai yi komai ba, in ya huce zai kira yaron ya dawo.

"Shi ke nan, Kawu?"

"Shi ke nan. Ka bi a hankali."

Mai walda bai huce da wuri ba. Kafin ya kira, an aiki Digiri da kaya zuwa wani gari mai nisa, da tsakar rana, a kan babbar hanya. Injin ya ɗauki zafi har ya cije, tayar baya ta kulle. Digiri ya tashi sama ya faɗo a kan cinyarsa, kwalaben magani suka tarwatse a kwalta.

Da aka kawo babur ɗin layi aka buɗe injin, fistin ya narke, fulogi ya yi fari fat kamar toka. Kanikawa suka dubi juna, sannan suka dubi rumfar Kunne. Ba wanda ya kawo a ransa cewa babur zai fita daga hannun mai walda bai bi ta can ba. Masu babura suka fara wuce Kunne suna kai aikinsu ƙarshen layi. Kunne bai faɗa wa kowa cewa babur ɗin bai bi ta hannunsa ba. Mai walda yana jin shirun rumfar ta bayan kwano. In ya sauke gilashi don ya yi walda, sai ya ga tayar nan tana jan kwalta.

A barandar asibiti mai walda ya tarar da 'yan'uwansa biyu. Babbar yaya ta tsare Kunne a jikin bango, tana magana ƙasa-ƙasa don kada masu jinya su ji.

"Auta, ɗana ne fa. Shi kaɗai gare ni. Ka saita na bare lafiya, sai nasa za ka yi wa aikin ganin dama?"

Kunne ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Yaya."

Abin da ya faɗa ke nan. Bai ko dubi inda yayansa yake tsaye da ledar lemo a hannu ba. Mai walda ya ji ledar ta yi masa nauyi. In ya yi shiru yanzu, maganar ta zauna ke nan har abada, a gida da a layi.

"Yaya, ƙyale shi," ya ce. "Bai ga babur ɗin ba. Ni ne ban tura shi ba."

Ta juyo a hankali. "Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba. Fushi nake da shi."

Ta dafa kafaɗar Kunne, ta bar hannunta a wurin, sannan ta nuna wa mai walda ƙofar ɗakin da haɓa.

"Shiga ka faɗa masa da bakinka. Tun da ya farfaɗo yake cewa laifinsa ne, wai gudu ya yi."

Digiri yana kwance, an ɗaure ƙafar an rataye ta da igiya. Ya rame, leɓensa ya bushe, amma da ya ga mai shigowa sai ya yi murmushi.

"Kawu, an ce komai ya lalace, salansarka ce kaɗai ba ta ko motsa ba. Hannunka akwai albarka."

Mai walda ya ajiye ledar a ƙasa, ya jawo kujera har gwiwarsa ta taɓa ƙarfen gadon.

"Bar dariyar nan, ɗana," ya ce. "Ba gudu ne ya kayar da kai ba. Tsaya ka ji."