Rigunan Batulu na Faisal

Batulu 'yar Wusasa ce. Ta zo Alƙahira ne da mijinta Habila, direba a wani ofishin jakadanci da ke unguwar Dokki, suka kama haya a unguwar Faisal. Ɗinki ne sana'arta tun a gida.

Tana sakandare yayarta Godiya ta aro mata wani littafin soyayya na Turanci, labarin Ingila na shekaru ɗari biyu baya: wata budurwa mai koyar da kiɗa a gidan attajiri, da ƙanen maigidan da ya dawo daga yaƙi yana ɗingishi. A gindin mangwaro suke karanta shi, Godiya na fassarawa, tana ƙara nata gishirin. Har Godiya ta rasu, in sun haɗu sai sun tayar da zancen mai ɗingishin nan.

Wata Juma'a da la'asar maƙwabciyarta Bakhita, 'yar Sudan mai jin Hausa, ta ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Maman Abel, yalla, zo ki ga wasu riguna a talabijin."

Batulu ta shiga da almakashi a hannu. Ana nuna keken doki a bakin wani katafaren gida, sai wani mutum ya sauko yana jan ƙafa. Ta zauna a ƙasa ba tare da ta sani ba.

"Na san mutumin nan," ta ce. "Amma ba haka yake ba. Namu dogo ne, yana da wushirya."

"Bature da wushirya?" in ji Bakhita, tana dariya.

"Haka Yaya Godiya ta ce."

Ta kalli fim ɗin har ƙarshe, hawaye na zuba, tana gyara musu labari duk inda suka tsallake.

Dalia, 'yar Bakhita, ita rigunan ta ƙyalla ido a kai: tsuke daga ƙarƙashin ƙirji, sake har ƙasa. Ta nace irinsu take so ranar baikonta. Batulu ta shiga kasuwa ta zaɓo yadi ruwan madara, ta tsawaita hannun, ta rufe wuyan.

Bayan bikin, ɗalibai mata daga unguwar Hayyus Sabi' suka riƙa hawo mata bene da hoton Dalia a waya. Yanzu kekenta ba ya hutawa. Habila kan yi mita wai falo ya cika da ƙyalle, amma shi ke kai kayan in ya tashi aiki.